Sawun da Ya Shigo da Baya

Tun burodin farko bai huce ba labari ya gama layin: an sa wuƙa an yanke wa motar gidan burodi taimin bel, wato ɗamarar robar da ke cikin inji.

Direba ne ya fara cin karo da abin. Ya zo da safe, ya loda kwanduna, ya murza makulli, inji ya yi ta juyawa fayau babu nauyi, ya ƙi kamawa. Ya murza, ya sake murzawa, har batir ya fara nishi. Sai Manaja, babban ɗan mai gidan, ya fito ya ɗaga murfin motar, ya kwance marfin da ke gefen inji, ya zaro bel ɗin ya ɗaga sama kowa ya gani. Bakinsa biyu a yanke sumul.

Ba a sha wahalar neman mai laifi ba. Shekaranjiya Sifana bakanike, wanda garejinsa ke kallon ƙofar gidan burodin, ya tsaya a tsakar gida ya ce wa Manaja da babbar murya, "Ka canja bel ɗin nan. In ka ƙi, wallahi motar nan ba za ta ga ƙarshen wata ba." A ranar kowa shawara ya ɗauke ta. Yau da safe maganar ta rikiɗe ta zama barazana, har waɗanda ba sa wurin ma sun tuna sun ji ta da kunnensu. Ga kuma sawun takalmin ruwa a cikin taɓo, ya tashi daga bayan motar ya miƙe sak zuwa ƙofa, hancinsa na nuna garejin Sifana.

*

Mai Sawu yana zaune ƙofar gidansa yana shafa wa gwiwoyinsa man zafi matar Sifana ta iso, numfashi sama-sama. 'Yar ƙanwarsa ce, a hannunsa ta girma.

"Kawu, sun kulle shi a ɗakin fulawa. Manaja ya ce da ya gama sallamar 'yan sari zai kira 'yan sanda. Mutanen layi kuma sun ce ko an sake shi, ba zai ƙara kwance ko noti ɗaya a nan ba."

"Shi ya yanke?"

"Haba Kawu!"

"Tambaya ce, ba zagi ba. Miƙo min sandata."

Da ƙuruciyarsa shanu yake bi, waɗanda suka ɓata da kansu da waɗanda aka taimaka musu suka ɓata. Da gari ya cinye daji sai ya koma bin akuya da babur. Gwiwoyinsa sun daɗe da ajiye aiki, idonsa ne har yau ba a gaya masa ba. Ya san Sifana da baki kamar rediyon da aka rasa makashinsa, amma ya sha ganinsa yana goge inji da gefen rigarsa in tsumma ya yi nisa. Zuciyarsa ba ta yarda mai yin haka zai sa wa mota wuƙa ba. Sai dai shi ba ya kai zuciya gaban jama'a, abin da ƙasa ta nuna masa yake kaiwa.

*

Manaja ya tare shi a ƙofa. "Baba, da girmanka, amma surukinka ne."

"Shi ya sa na zo da ƙafata. In shi ne, ni zan riƙe masa hannu har ofishin 'yan sanda."

Ya ja layi da sanda, ya kori 'yan kallo bayan layin kamar mai korar kaji daga shanya. Sun riga sun tattake rabin tsakar gidan, kowa ya zo ya taimaka da nasa takalmin. Abin da ya rage tsakanin rumfar mota da ƙofa ya ishe shi. Ya tsuguna, gwiwoyi suka yi ƙara, bai kula su ba.

Takalmin bai gaya masa komai ba, don irinsa rataye yake a bakin ƙofar gidan burodin, kowa na zura ƙafa in an yi ruwa, Sifana ma yana da nasa. Tafiyar ce ta tsayar da shi. Mai tafiya gaba da yatsu yake tura ƙasa. Wannan kuwa dunduniya ce ta nutse, ta kwashi taɓo ta tura wajen yatsu, takun gajeru, ƙafafu a ware. Kuma sawun fita ne kawai, babu na shigowa. Jama'a sun ce ta katanga ya diro. Ya duba gindin katangar, ko kyanwa ba ta taka wurin ba.

Ya kira Direba. "Yaushe ka ajiye ta?"

"Shekaranjiya da yamma, Baba. Jiya hutu ne, babu wanda ya zo aiki."

"Ƙasa a jiƙe take lokacin?"

"A bushe ƙayau. Ai ruwan jiya da rana aka yi shi."

Mai Sawu ya dubi tayoyin motar. Tana ƙarƙashin rumfa, amma duka huɗun sun sha taɓo, kuma ga layinsu nan a ƙasa, sawun takalmin na tsakaninsu. Motar nan ta fita bayan ruwa, kuma da ta dawo ba da injinta ta shigo ba. Turo ta aka yi, mai turin kuma baya ya ba ta. Ya dafa sanda ya miƙe.

*

Ta tagar ɗakin fulawa ya yi magana da Sifana, wanda ya yi fari fat har gira.

"Ka bar rantsuwa, ba ita ta kawo ni ba. Gaya min aikin bel ɗin nan."

"Kawu, inji sama da ƙasa ne. A ƙasa fistin na hawa yana sauka, a sama bawul na buɗewa yana rufewa. Bel ɗin ne ke sa su yi tafiya tare, kowa ya kauce wa ɗan'uwansa. In ya tsinke mota na gudu, sama sai ya ɓata lissafi, ƙasa kuwa bai sani ba, ya ci gaba da naushin duk bawul ɗin da ya tarar a buɗe."

"In a tsaye aka yanke fa?"

"Ɗaya ko biyu ne za su lanƙwashe, su ma sai an murza makulli. Su bar ni in buɗe kan injin mana, zai faɗi gaskiya da bakinsa."

"Ba za su bar ka ba. Wanda ya tsinke don kansa, yaya bakinsa yake?"

"Buzu-buzu, zare duk a waje. Ba ya yin sumul." Sifana ya kama ƙarfen tagar. "Kawu, sabon na nan a garejina rataye. Da hannuna na sayo shi, na ce wa Manaja ya bari in sa, ya ce sai bayan wata."

"Zan sa matarka ta kawo min shi. Kai kuma ka rufe bakin nan, yau dai ya huta."

*

Mai Sawu ya fara da zargin Direba, don yana da makulli, kuma an san ranar hutu motar kan yi ɗan zagayen da ba na burodi ba. Da ya matsa masa, mutumin ya yi gumi, ya amsa cewa ya taɓa ɗaukar raguna biyu da katifa. Amma jiya yana asibiti tun safe wurin matarsa, kuma mai shayin bakin asibitin da rabin dangin matar za su shaida. Ban da haka, mai tumbi irin nasa in zai tura mota, da tumbin zai tura.

Mai Sawu ya koma bayan motar. Ƙurar ƙofar bayan ta goge a tsakiya, faɗin kafaɗun mutum, babu tafin hannu ko ɗaya. Sai can ƙasa a jikin bamba ya ga yatsu huɗu na taɓo, a gefe guda kawai. Mai hannu biyu in ya ba mota baya, da duka biyun yake riƙe bamba. Wannan hannu ɗaya ya yi aiki da shi.

Nan take ya tuna Mai Tanderu, wanda ya gani ɗazu da hannu naɗe da bandeji. Ya same shi yana kwashe toka yana mita.

"Ƙuna ce, Baba, ta makon jiya. Ni abin da ya dame ni, wani ɗan banza ya jefa min roba a wuta. Burodin farko duk warin taya yake."

Mai Sawu ya tona tokar da sanda, ya tsinci wani ɗan dunƙulen zare da ya ƙi ƙonewa, ya sa a aljihu. Sannan ya ja Mai Tanderu ya tsayar da shi a bayan motar. Mutumin zanƙalele ne, kafaɗunsa sun wuce gogewar da kusan taƙi biyu. Ba shi ba ne.

Ya sallame shi, ya tsaya yana kallon ƙofar. Don ya auna, sai ya juya ya jingina nasa bayan. Kafaɗunsa suka zauna cikin gogewar daram, kamar da shi aka gwada. A duk layin nan mutum ɗaya ne gajere irinsa, kuma tun suna samari suke kiran juna Dogo don su riga masu tsokana.

*

Mai Burodi, mahaifin Manaja, na zaune a barandar cikin gida, hannun dama kwance a cinya kamar kayan aro. Tun da ciwon shanyewar ɓarin jiki ya kama shi bara, ƙafar ta dawo, hannun ya ƙi. Shi ya gina tanderun da kansa, shi ya sayi motar, ya yi shekaru yana kai burodi da ita kafin a san za a ɗauki direba.

"Dogo, an ce kana ta rarrafe a tsakar gidana."

"Ina neman abin da ka yar ne, Dogo." Mai Sawu ya zauna kusa da shi. "Yau ba ka jingina."

"Kujerar ce ta tsufa."

"Bayan ne ya kumbura."

Mai Burodi ya kafa wa hannunsa ido.

"Yaran nan sun karɓe makulli," ya ce a hankali. "Sun karɓe tanderu. Gishiri ma sun karɓe. In suka ji wannan, ko ƙofa ba za su sake bari in leƙa ba. Za su sa min mai gadi kamar jariri."

Tausayi ya kama Mai Sawu, don shi ma ya san ranar da 'ya'yansa za su ɓoye masa sanda tana tafe. Amma tausayin bai sauya masa niyya ba.

"Yaron can yana da mata da 'ya'ya, kuma sunansa ne jarinsa. Zan tara mutane in nuna musu abin da ƙasa ta nuna min. Ba zan kira sunanka ba. Amma ka sani, ba zan bari a tafi da shi ba, ko da daga yau ba za ka ƙara amsa sallamata ba."

Mai Sawu ya tashi ya bar shi.

*

Manaja ya riga ya ciro waya Mai Sawu ya ce a fito da Sifana, a tara kowa. Aka taru har kan katanga. Ya sa aka janyo motar baya kaɗan zuwa inda ƙasa ke da laushi, aka cire ta daga giya.

"Direba, tura ta."

Direba ya dafa hannu biyu da tumbi ya tura. Mai Tanderu ya sa kafaɗa. Sifana ya tura. Manaja ya tura yana tsaki.

"To ku dubi ƙasa. Ina hancin takalmanku ya nuna?"

"Wajen motar," in ji wani daga kan katanga.

"Na jiya fa?"

"Wajen ƙofa."

"Shi ya sa kuka ce fita ya yi, ya tafi gareji. Ba fita ya yi ba, shigowa ya yi da baya. Motar nan ta fita jiya bayan ruwa, ta mutu a hanya, gangaren layin nan ya kawo ta har ƙofa, wanda ke tuƙa ta ya juya mata baya ya ƙarasa da ita rumfa. Bari in gwada muku."

Ya ba 'yar ƙanwarsa sanda, ya fara juyawa, yana jan lokaci iya yadda zai iya. In abokinsa bai fito ba, bai san abin da zai ce bayan wannan ba.

"Matsa, Dogo. Ba ka iya ba."

Jama'a suka dare. Mai Burodi ya tako a hankali, ya juya, ya kafa bayansa a ƙofar motar yana cije leɓe, ya kama bamba da hannun hagu, ya nutsa dunduniya a taɓo. Motar ta motsa. Da ya ɗaga ƙafa, sawun da ya bari da na jiya ba su da maraba.

"Ni na fita da ita," ya ce yana haki. "Makullin da aka ƙwace ba shi kaɗai gare ni ba. So na yi in ji ta a hannuna sau ɗaya, in kai ƙarshen layi in dawo. A kan dawowa na ji ƙas, sai shiru. Amma ban yanke komai ba. Da wane hannun?"

Mai Sawu ya karɓi sabon bel daga hannun matar Sifana, ya shimfiɗa shi a ƙasa, ya haɗa bakin tsohon ya ɗora a kai. Tsohon ya gaza da faɗin yatsu huɗu.

"Yanka ɗaya ba ya rage tsawo. Wannan sau biyu aka yanke shi, aka cire wurin da ya tsinke don kansa." Ya ciro zaren daga aljihu. "Ga ragowarsa daga cikin tanderu. Wanda ya yi, ya shigo gidan nan jiya, kuma da safe ya san inda zai kai hannu tun kafin kowa ya ce bel."

Bai kalli kowa ba, amma kowa ya kalli Manaja. Wayar ta sauka daga kunnensa.

"A ƙasa na same shi," in ji Manaja. "Zaune cikin taɓo a bayan mota, ya kasa tashi. Bel ɗin da na ƙi canjawa ne ya kusa kashe min uba. Na rasa da wane ido zan kalli ƙannena. Na ce in aka ga yanka, za a ce wani ne daga waje."

"Wanin kuma ya zama mijina," in ji matar Sifana. "Kai ka murɗa makullin ɗakin fulawar da hannunka."

Manaja ya sunkuyar da kai. Ya taka har gaban Sifana ya ce ya yafe masa, a gaban mutanen da ɗazu suka rantse sun ji barazana, yanzu kuma kowannensu ke cewa dama shi tun farko bai yarda ba. Sifana ya buɗe baki, Mai Sawu ya harare shi, ya rufe. Daga baya Sifana ya ce, "A kawo min akwatin kayan aikina."

*

Kafin rana ta yi sanyi kan injin na kwance a kan buhu. Mai Sawu ya tsuguna gefe yana kallo, Mai Burodi na kan kujera, an sa masa matashi a baya. Sifana ya ɗaga bawul ɗaya, ƙafarsa a karkace kamar ƙusar da guduma ta kuskure.

"Yawancinsu haka suke. A guje ya tsinke, murzawar safen nan kuma ta ƙara musu. Hanya uku ce. A sayo injin kwance a ɗora, ya fi sauri, amma ba ka san abin da ka sayo ba sai ya fara hayaƙi. Ko a kai kan nan wurin masu gyaransa, a sa sababbin bawul da gaskit, a sa bel da famfon ruwa gaba ɗaya. Zai ɗauki kwanaki. Ko kuma a sayar da ita ga 'yan kwance a huta."

"Ta tsufa, Baba," Manaja ya ce ƙasa-ƙasa. "Da mun rabu da ita."

Mai Burodi bai dube shi ba. "Fistin fa?"

Sifana ya shafa su da yatsa ɗaya bayan ɗaya. "Sun sami tabo, amma babu wanda ya fashe. Ƙasan lafiya lau. Sama ne ya bugu."

"To a gyara ta. Ni ma sama ne ya bugu, ga ni nan."

Babu wanda ya yi dariya. Manaja ya juya fuska ya goge ido da hannun riga.

"Ranar gwaji da kai za mu fita, Baba," in ji Sifana.

"A sitiyari?"

"A gefena. Kai za ka saurara min, babu wanda ya san muryarta kamarka."

Tsohon ya yi ɗan tunani, ya laluba aljihu, ya ciro makullin da ya ɓoye shekara guda, ya miƙa wa ɗansa. "Riƙe. Amma ranar gwaji kai za ka buɗe min ƙofa da kanka."

Mai Sawu ya ga aikinsa ya ƙare, ya yunƙura zai tashi, gwiwoyi suka ce ba da su ba. Ya sake yunƙurawa, ya koma. Sandar kuma tana can hannun 'yar ƙanwarsa. Bai yarda ya dubi abokinsa ba, don bai san ko sauran sallama tsakaninsu ba.

Sai ya ga hannun hagu a gabansa, da sauran taɓo a farce.

"Kama, Dogo. Ɗaya ne, amma jiya ya riƙe mota."

Ya kama, aka ja shi ya miƙe.